Hijabin Lubna da Rantsuwar Sharfuddeen

A cikin masu sayen taya a shagona da ke Kazaure, babu mai cinye ta kamar Sharfuddeen mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa. Ɗan acaɓa kan yi wata takwas da tayar baya, shi kuwa wata biyar ta yi sanƙo. Ranar da na tambaye shi ko gasa ta yake yi ya ci, sai ya ce, "Tambayi Amarya."

Amaryar nan sunanta Lubna. Tela ce, 'ya'yansu huɗu, babban har ya shiga jami'a, amma a bakin mijinta ba ta tashi daga Amarya ba. Ita kuma Baban Zaituna take ce masa, da sunan autarsu.

Aikinsa ne ya sa ya sayi babur mai dogayen ƙafafu, irin na malaman gona, domin famfo ba ya lalacewa a bakin kwalta. Wata damina ya ɗauke ta za su gaida iyayenta a wani ƙauyen Gwiwa, suka tarar ruwa ya cinye hanya. Ya ce su juya. Ta ce ta san burtalin da shanu ke bi. Suka faɗa burtali, taɓo har gwiwa, babur na wutsil-wutsil kamar tarwaɗa. Yana ta ba ta haƙuri, can ya ji bayansa na girgiza. Ya ɗauka kuka take. Ashe dariya ce.

Tun daga nan Asabar ta zama tasu. Lita huɗu ta mai, gorar ruwa, famfon iska, dambu a kwano, sai daji. Yau su hau duwatsun Roni, wani satin su nutsa cikin yashin Babura har su jiyo ana ciniki da sefa. Shi ke riƙe da kan babur, ita ke karanta ƙasa. Ta leƙo ta kafaɗarsa ta ce, "Yashin can mai zurfi ne, tsaya ka rage iska." In ya yi gardama suka kife, takan miƙe abinta. Sai ta karkaɗe zanenta ta miƙa masa famfo.

Mutane sun yi magana, ba su fasa ba. Wata dattijuwa a layinsu ta ce, "Ke Lubna, mata na neman mota mai sanyi, ke kina neman ƙaya?" Ta ce, "Inna, a mota ai ba a jin ƙamshin ƙasa."

Bara da kaka abin ya tsaya. Suna gangarowa daga wani tudu a Roni, iska ta kwashi jelar dogon hijabinta ta cusa a tayar baya. Hijabin ya shaƙe ta, ya fizge ta ƙasa. Allah Ya sa a hankali suke tafiya. Da wuƙar wani makiyayi aka yanke ƙyallen, wuyanta ya yi jan zobe. Sharfuddeen ya ce, "Wallahi tallahi ba zan ƙara ɗaukar ki a babur ba!"

Wuya ya warke, rantsuwa ta zauna. Ranar Asabar sai ya zo shagona ya zauna a benci, ba ya sayen ko bawul ɗin taya. Ni na ga asarar a tayoyin da suka yi kwantai, su kuwa a fuska ake ganin tasu. Ya ce mini gidan ya yi shiru, keken ɗinki kawai ke magana.

Ashe keken aiki yake. Wata Laraba sai ga Lubna a shago, ta aza wani kwali da ta yanka a kan teburina.

"Sannu da aiki, mai shago. Mai waldan nan na kusa da kai zai iya yin raga kamar wannan? Gefe biyu, ta rufe tayar baya da sarƙa."

"Hajiya, maigidan ya sani?"

"Zai sani. Kai dai ba taya kake so ka sayar ba?"

Ban ƙara tambaya ba. Washegari raga ta fito.

Sauran labarin daga bakinsa na ji. Ta riga ta tambayi malamarsu ta Islamiyya, ta gaya mata cewa wanda ya rantse, sannan ya ga barin rantsuwar ya fi alheri, sai ya yi kaffara: ya ciyar da mabuƙata goma. Ranar Asabar ya dawo daga masallaci da safe, ya tarar da ƙullin gero goma jere a tsakar gida, raga biyu a jingine da babur.

"Amarya, wannan fa? Kasuwa za ki buɗe?"

"Geronka ne, daga buhunka na auna, har da ƙari. Niyya ce kawai ban iya yi maka ba."

Ya gane. Ya zauna a kan turmi.

"Ke kina ganin rantsuwar ce ta hana ni? Ko azumin shekara ne zan yi. Ni na ga idonki ranar nan, ke ba ki gani ba."

"Na sani, Baban Zaituna. Tashi ka ja."

Ta juya masa baya. Sanye take da wani sabon hijabi iya ƙugu, ta ɗinke jelarsa da roba yadda iska ba za ta samu abin kamawa ba.

"In ja me?"

"Hijabin mana. Ja kamar kai ne tayar."

Ya ɗan taɓa.

"Haba, wannan ai jan amarya ne. Ina ƙarfin da kake zaro bututun famfo da shi?"

Ya fizga da gaske. Ɓas! Maɓallai uku da ta jera a ƙarƙashin haɓa suka ɓalle, hijabi ya taho hannunsa, shi ya yi baya ya zauna daɓas cikin bahon wanki. Ita tana tsaye, hula da ɗankwali ɗaure tsaf a kanta, ko gezau.

"Ka gani? Hijabin zai tafi, matarka ta tsaya."

Ya ce mini sai da ya sa ta mayar ya sake ja, ya kuma sake, ta gefe, ta sama, har Zaituna ta fito tana tambaya ko faɗa suke. Sannan ya ɗauko sifana ya ɗaura ragar da hannunsa, ya juya tayar yana cusa tsumma ta kowace kafa ya ga ko za ta kama. Ba ta kama ba.

"To geron, wa za a ba? In kai bakin masallaci?"

"Na bakin masallaci suna samu. Akwai tsohuwar nan ta bayan dutse da ta ba mu ruwa, da makahon da ke tsallaken rafi. Na lissafa gida goma, babu wanda mota ke zuwa."

"Kuma ni ban san hanya ba, ko?"

"Ka sani mana. Sai dai ka kwana a yashi."

Ya yi niyya, ya yi bisimilla, suka loda gero a buhu suka ɗaure a kan tanki.

Da hantsi suka tsaya a shagona, na ƙara wa tayar baya iska. Lubna na zaune a baya, ta riƙe kwanon dambu a cinya. Na duba tayar baya na ce ta kusa, ya kamata a sa sabuwa.

Sharfuddeen ya ce, "Ajiye mini biyu."

Yana ƙoƙarin tayar da babur ta dafa kafaɗarsa.

"Baban Zaituna, ya cika ta da yawa. Inda za mu yashi ne."

Ya buɗe baki zai yi gardama, ya dube ni, ya dubi famfon da ke rataye a gefe. Sai ya sauka ya rage.