Anguryar Inna a Cikin Akumari

Taloka zuwa Wurno

Ana sallame sallar asuba na ɗora wa jakina akumari na bar Taloka. A shekarar ne Turawa suka aiko da sabon irin auduga daga gonar gwajinsu, inda malamansu suka daɗe suna zaɓen iri, aka ce kowa ya ƙone tsohuwar anguryarsa. Ban raina irinsu ba. Yana 'ya'ya, waɗanda suka shuka shi sun biya haraji ba su sayar da akuya ba. Amma Inna, wadda ta tsufa a kan mazari, ta rantse ba za a naɗe ta da shi ba.

"Abdugar uwata nika so ga likkafanina," in ji ta. "Tahi Tursa, Gwaggonka ba ta ƙone tata ba."

Na sha fura a Goronyo, na sauka Wurno gidan wani masaƙi. Ya ce, "Yi hattara, dogarai na bakin Rabah suna zazzage kaya."

Tursa

Gwaggo ta jawo tulun angurya daga ƙarƙashin gado. Muka farke akumari, muka zare ciyawar ciki, muka ɗura angurya, ta ɗinke. Mangala kuwa na cika ta da albasa.

Rabah

A komowa dogarai suka tare ni. Dogari ya sauke kaya, malamin gona ya ja akumarin gindin tsamiya ya zauna a kai daram, yana yi mini wa'azin sabon iri.

"Mi kaɗ ɗauko?"

"Albasa, ranka shi daɗe."

"Ka ƙone tsohuwar guryarka?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Randa kunka ƙone taku, ni ma in ƙone tawa."

Dogari ya zuba mini bulala a gadon baya. Na shanye, ban sunkuyar da kai ba. Suka watsa albasa a ƙasa, ba su ga komai ba. Malam ya tashi ya karkaɗe rigarsa, har da miƙo mini akumarin da hannunsa.

Gida

Na shuka anguryar a tsakiyar gero, inda idon hukuma ba ya kai wa. Inna ta kaɗa zaren da kanta, masaƙin Wurno ya saƙa likkafani. Na gode Allah, na gode Gwaggo da jakina. Ranar da muka kai Inna makwancinta, da shi muka naɗe ta.