Gyaran da na roƙa a wurin likitan hanci

Assalamu alaikum, edita da masu karatu. Ni ɗan kasuwa ne, haifaffen Zongon Wagadugu. A shekarun da wayar hannu ta fara shiga aljihun 'yan kasuwa, abu uku nake tinƙaho da su: shagon shadda da atamfa a bakin titin unguwarmu, amanar wasu Alhazan Kano da ke aiko mini da kaya ba tare da an rubuta komai ba, sai kuma hancina. Na ukun nan shi ke riƙe da na farko da na biyu, amma ban gane haka ba sai da na rabu da shi.

Tun ina saurayi, ina dakon kaya a tasha, wata dila ta suɓuto daga saman mota ta sauka a fuskata. Aka ɗaure da tsumma, hancin ya warke a karkace, ya nufi hagu kamar mai nuna wa baƙo hanya. Da na buɗe shago sai ya zame mini allon talla. A wurinmu ba mai bin lambar titi. Idan mace ta taso daga unguwar Larle neman kayan biki, ce mata ake yi ta shiga Zongo ta tambayi mai karkataccen hanci, awonsa cikakke ne, shaddarsa ba ta zuba. Sabon direba daga Kano ma da wannan kwatancen yake sauke mini kaya. Da yawa daga cikin masu ciniki da ni ba su taɓa sanin sunana na yanka ba, ni kuma ban damu in faɗa musu ba.

Wahalar tana ciki. Ƙofar hanci ɗaya ta toshe sam, ɗayar kuma rabi take aiki, da baki nake numfashi kamar wanda ya sha gudu. Da azumi maƙogwarona kan bushe tun hantsi. Minshari kuwa, maiɗakina ta yi haƙurin shekaru, daga baya ta ɗauki tabarmarta ta koma ɗakin yara, ta ce ba fushi take ba, barci take nema. A motar Lome an taɓa tsayawa a daji ana duba inji, ashe minsharina ne a kujerar baya.

Da abin ya ishe ni sai na tafi wani asibitin kuɗi wurin likitan hanci. Faransancina na kasuwa ne, bai wuce ƙirga da gaisuwa ba, don haka na tafi da 'yar ƙanwata ta yi mini tafinta. Ɗaliba ce a jami'a, tana zaune a unguwar Zogona, a gidan ƙabilar Mosawa ta tashi wajen dangin ubanta, Hausarta tana farawa da kyau ta ƙare da Faransanci. Likita ya leƙa da 'yar fitila, ya ce guringuntsin da ya raba ƙofofin biyu ne ya lanƙwashe, zai miƙar da shi ta ciki, waje kuma ya zauna yadda yake. Ya faɗi kuɗin aiki. Na taya, ya yi dariya ya ce nan ba kasuwa ba ce. Na sallama.

To a nan halina ya ci ni. Ban taɓa gama ciniki ban nemi gyara ba. In na sayi tumatir sai an ɗora mini ɗaya, in na sayi ragon layya sai an bar mini igiyar. Sai na juya na ce wa yarinyar, "Tambaye shi, ba gyara?" Ni a raina 'yan ƙwayoyin magani nake hange, ko auduga, ko a yafe mini kuɗin gado. Ta yi masa dogon bayani da Faransanci, sai na ga fuskarsa ta washe. Ya kama haɓata ya juya dama, ya juya hagu, ya ɗauki biro ya yi zane biyu. Ta ce ya ce tunda dama zai shiga wurin, zai yi gyaran ba tare da ƙarin kuɗi ba. Na kalli zanen, na ɗauka cikin hanci ne, wa ya taɓa ganin cikin hancinsa? Bawan Allahn nan sau biyu yana tambaya ko na tabbata. Na ce ta gaya masa ya yi da yawa, kada ya yi rowa. Na sa hannu ina jin na ci riba.

Aikin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Ranar da aka zare audugar da aka cusa mini a hanci na ja iska ta shige har tsakiyar kaina, sai da hawaye suka zubo mini. Na ji ƙamshin daddawa a miyar gidana kamar ban taɓa cin ta ba. Na kuma gano cewa kwatar da ke gefen shagona, wadda na yi shekaru ina cin abinci kusa da ita, ba abin zama kusa ba ce. Sai da kumburi ya saɓe aka cire filasta na karɓi madubi. Wani mutum na gani da hanci miƙaƙƙe kamar sandar awo, kyakkyawa, irin wanda ba zan ba shi bashin yadi ɗaya ba. Na kira yarinyar na tambaye ta me ta faɗa wa likita. Ta zaro ido ta ce, "Kawu, ai gyara ka ce, réparer. In lenga kake so, sai ka ce lenga." Lenga ita ce kalmar Mosawa ta ɗan ƙarin da ake yi wa mai saye. Ita gyara ɗaya ta sani a Hausa, irin na makaniki.

Maiɗakina ta dawo da tabarmarta, har tana satar kallona. A shago kuwa labari ya sha bamban. Maƙwabcina na hagu, wanda shi ma shadda yake sayarwa, ashe hancinsa yana da 'yar karkata, ba wanda ya taɓa lura saboda nawa ya danne shi. Ina zaune mata za su zo su dube ni, su wuce, su dube shi, su shiga. Bai taɓa yin ƙarya ya ce shi ne ni ba, in faɗi gaskiya. Amma na lura ya koyi zama a kaikaice, yana ɗan langaɓar da kai, don hancin ya fito sosai. Wani sabon direba ya sauke masa dilolina, sai da muka kira Kano ta waya. Alhajin da ya aiko kayan ya ce shi bai san wani mai miƙaƙƙen hanci a Wagadugu ba, sai da na tuna masa wata tsohuwar magana da ke tsakaninmu sannan ya yarda, ya yi ta dariya har kuɗin wayata suka ƙare.

Wadda ta fi ƙona mini rai wata dattijuwa ce daga Larle, da ta aurar da 'ya'yanta duka da kayan shagona. Na tare ta ina gaishe ta, ina tambayar jikokinta da sunansu. Ta ƙare mini kallo ta ce muryar dai ita ce, amma mutumin da ta sani hancinsa ne a karkace, awonsa a miƙe, ta ina za ta san ba musanya aka yi ba? Ta shiga shagon hagu.

Daga ƙarshe na nemo tsohon hotona na fasfo, na sa aka faɗaɗa shi, na rataye a ƙofar shago. Duk wanda ya tsaya sai in nuna hoton in nuna kaina, in ba da labarin nan daga farko. Wasu sun dawo saboda shaddar, wasu saboda dariyar, wasu har yau suna hagu.

Shawarata ga 'yan'uwana 'yan kasuwa, wanda hancinsa ya hana shi numfashi ya je asibiti, kada ya yi shekarun da na yi. Amma ya bar halin kasuwa a bakin ƙofa. In aka yi maka zane, ka tambaya na ciki ne ko na waje. In da tafinta ka je, ka sa ya maimaita maka abin da ya faɗa a madadinka kafin ka sa hannu.

Da na zauna na yi lissafi, na samu iska, na samu barci, na samu matata, na rasa sunana da wani kaso na masu ciniki. Ban faɗi ba, amma ribar ba ta kai yadda na zata ba. Maƙwabcina yanzu shi ake kira mai karkataccen hanci. Kwanaki na ji yana kukan hancin yana toshe masa, sai na yi masa kwatancen likitan tiryan-tiryan, na ce 'yar ƙanwata za ta raka shi kyauta. Ya shafa hancin a hankali, ya ce ya gode, zai ci gaba da numfashi da baki.