Kirikasamma da gwajin da bai kwashe kayansa ba

Rana ta buge ni sosai a wannan tafiya, kuma ban rubuta komai a hanya ba, don haka mai yiwuwa na cakuɗa wasu abubuwan.

Mun tashi da asuba daga Haɗeja, ni da abokin aikina da muka gama karatun kwamfuta tare. Mun taɓa kafa wa wata ƙungiyar manoman shinkafa 'yar na'ura a bakin kogi bayan Kirikasamma. Tana auna tashin ruwa, tana tura saƙo wayar shugabansu, don su janye injinan ban-ruwa daga fadama kafin ruwa ya ci su. Ga damina ta kankama, na'urar kuwa ta yi shiru.

Kuɗin mota ya hau, har direba ya so jakar kwamfutata ta biya kujera guda. Hagu da dama shinkafa ce kore shar, sai wuraren da ciyawar kacalla ta toshe ruwa. A Kirikasamma muka karya da koko da ƙosai, muka hau babur, daga nan kwalekwale. Na ɗora jakar bisa kaina har muka tsallaka, mai kwalekwalen yana ta dariya, wai ruwan bai kai ƙugu ba.

Shugaban manoman, wani dattijo, muka tarar a gindin turken na'urar.

"Samari, kun iso? Abin nan naku zafi kamar tukunyar tuwo, amma ya ƙi magana."

"Za mu duba, Baba," na ce. Ban yarda na yi alkawari ba.

Na jona kwamfutata da na'urar, na gano matsalar. A zuciyar manhajar, wadda muke ce wa kanel, akwai makulli: aiki ɗaya ke riƙe shi, sauran su jira. Mukan gwada ƙarfinsa ta hanyar sakin ayyukan bogi da yawa su yi ta kokawa a kansa. Kwanakin baya abokina ya turo wa na'urar irin wannan gwaji daga gida, sai sabis ya yanke ana tsaka. Ashe sashen da ke sallamar ayyukan bogin ba ya gudana sai gwaji ya kai ƙarshe. Suka zauna suna cin batir, ɗaya ya maƙale da makullin, aikin awon ruwa na bayan layi yana jira.

Hadari ya fara haɗowa daga gabas. Abokina ya ce, "Mutumina, kashe ka kunna mu tafi. Tsoronka ya yi yawa."

Da an yi hakan da ta tashi, gaskiya ne. Amma ran da sabis ya sake yankewa fa? Na zauna a kan buhu, na gyara tsarin: ko ta ina gwaji ya tsaya, a fara dakatar da ayyukan, a jira kowanne ya saki makullin ya fita, sannan a mayar wa na'urar da wurin ajiyar bayanan da gwajin ya ara. In aka rushe makulli wani na riƙe da shi, na'urar gaba ɗaya na iya faɗuwa. Sai na kunna gwajin, na katse shi da gangan. Na duba, babu ko ɗaya da ya rage.

Wayar Baba ta yi ƙara a aljihu, saƙon na'urar ya shigo. Ya karanta, fuskarsa ta canza. Ko kallonmu bai yi ba, ya nufi fadama yana ƙwala wa mutanensa kira su ɗauko amalanke.

Ruwan sama ya same mu a kan babur, muka shiga Haɗeja bayan la'asar sharkaf. Abin da na ɗauko, in ban yi kuskure ba, shi ne mun ɓata lokacinmu kan yadda gwaji zai fara, ba mu tambayi wa zai kwashe kayansa in ya mutu a hanya ba. Washegari Baba ya kira: injinan suna kan tudu, inda suke jiya kuwa ya zama tafki.

Abokina da duk wanda ke bakin kogin ran nan, in na kauce a wani wuri, don Allah ku gyara mini.