Katin Da Ka Gyara, Baba Sannu-Sannu

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, 'yarka ta kira ni ta ce ka rasu. Na ce mata ƙarya ne, Allah Ya yafe mini. Mutumin da ya kira ni jiya-jiyan nan yana dariya, yana cewa in zo Laraba? Ta ce a kan kujerarka ta shago aka same ka, tabarau a hanci, ko ciwon kai ba ka yi ba. Daga Allah muke, wurinSa za mu koma.

Baba Sannu-Sannu, mai gyaran tsofaffin kwamfutoci, shago uku na shiga kafin naka, kowa ya ce in kai tawa bola. Kai ne ka ce in zauna in faɗi abin da ke ciki. Na gaya maka wasiƙun da marigayi mahaifina ya rubuta wa Inna ne, suna cikin faifai, kuma ba sa fitowa a allo sai ta wani kati da ya ƙara wa injin. Idon Inna yana dushewa, likita ya ce saura watanni. Ita kuwa ta dage da idonta za ta karanta.

Ka leƙa bayan injin, ka ce, "Ɗana, wa ya jona wayar nan?" Ashe wayar allon a ramin injin na sa ta, ba a na katin ba. Ka yi dariya har da tari, ka ce katin yana magana a ɗaki, ni na kai kunnena zaure. Da ka mayar da wayar hoto ya zo, sai dai rubutun yana ta gudu sama, ba a iya karanta ko harafi.

Mako uku kana bin katin nan da mita. Duk inda ka auna sai ka manna salatif, ka rubuta abin da ka gani da kwanan wata. Ni kuwa haƙurina ya ƙare. Ranar Asabar na ɗaga maka murya, na ce idon Inna ba zai jira sannu-sannunka ba. Ka ci gaba da aikinka. Da ka kira ni ranar Litinin, na ce a raina Laraba zan ba ka haƙuri.

Bayan kwana uku da rasuwarka 'yarka ta buɗe mini shagon. Injin yana kan tebur a buɗe, katin a mazauninsa, duk ya sha salatif. Na ƙarshen na ranar Litinin ne: "Na canja abin da ya ƙone. Hoto ya tsaya. Na ƙara haske saboda idon Hajiya. Ban karanta ba."

Na kunna. Rubutun mahaifina ya fito ya tsaya cak. Jiya Inna ta karanta wasiƙar farko, hancinta kusan yana taɓa allo, ta gama ta ce in kai ta ta yi maka godiya. Har yanzu ban gaya mata ka rasu ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya karɓi aikinka. Allah Ya ba matarka da 'yarka da sauran iyali haƙurin wannan rashi na ba-zata. Salatif ɗinka yana nan, ba zan ɓare ko ɗaya ba. Maganar ranar Asabar kuma, Baba, ka yafe mini.