Kawu Bala da Hon ɗin Mai Kankana

Duk wanda ya zauna da Kawu Bala, ƙanin mahaifiyata, ya san ba ya wuce katako bai ƙwanƙwasa ba. Ƙofa ce, benci ne, sai ya lanƙwasa yatsa ya buga, ya kara kunne. Ranar da muka je ganin ɗakin amaryar yayana, mutane suna ta yaba labule, shi kuwa ya buɗe sabon kabad ya zura kai ciki ya yi gyaran murya.

"Asara," ya ce da ya fito. "Katako irin wannan, a ce atamfa za a zuba masa."

A Jos yake kafin ya zo hajji ya maƙale a Makka, yana kai kayan kiɗan rege gidajen biki. Nan kuma gyaran lasifika ya riƙe shi, lokacin hajji yana Mina yana bin tantuna da sukundireba. Amma ransa na kan abu ɗaya: ya sake haɗa irin kayan da ya baro. A ɗakinsa na unguwar Zahir akwai akwatunan lasifika huɗu, kowanne ya kai firji, a kan biyu ma yake shimfiɗa katifarsa. In zai gwada akwati sai ya ɗora kofin shayi a kai ya kunna a hankali. Shayin ya yi rawa kofin bai motsa ba, akwati ya ci jarrabawa. In kofin ya fara tafiya, gobe za ka ga akwatin a waje kaji na kwana a ciki.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne babu hon, wato lasifikar nan mai faɗin baki da ke fitar da siririyar murya. Shi da kansa yake cewa akwati ciki ne, hon maƙogwaro. To me ya hana shi saye, ga su jibge a haraj, kasuwar tsofaffin kaya? Da na dame shi da tambaya sai ya ce in kai shi in gani.

Can ya ɗauki wani, ya shafa, ya buga, idonsa har ƙyalli yake. Mai kayan ya ga ciniki ya faɗa, ya ce, "Ya Hajji, wannan daga masallaci aka sauke shi. Shekara da shekaru yana kiran salla, akwai albarka."

Kawu ya ajiye shi da hannu biyu, ya goge masa ƙura da bakin riga, ya ja ni muka wuce.

"Faisal, bakin da ya ce Allahu Akbar ni zan ɗura wa kiɗa? Zunubina nawa ne, ba na jan wani a ciki."

"To ya khali, ka sayi sabo mana," na ce, don da Larabci nake ce masa kawu.

"Sabo roba ne, tsuwa yake yi. Ƙarfen da nake so an daina yin sa."

Ku duba fa, a Makka mutum yake neman tsohon hon da bai taɓa kiran salla ba. Na tantin Mina ma ya ƙi, ya ce ya yi talbiyya. 'Yan haraj suka gane shi suka koma rantse masa cewa nasu daga tashar mota ya fito. Sai ya leƙa ciki da tocila. Ya ga kashin tattabara, magana ta ƙare: "Wannan ya kwana a hasumiya."

Wata rana mai kankana ya ratso unguwa da motarsa yana shela da wani tsohon hon. Kawu yana cin abinci, ya tsame hannu ya bi shi da ƙafa har layi na uku, ya tare shi.

"Me kake faɗa a cikin wannan?"

"Habhab, ya Hajji. Kankana ja."

"Ba ka taɓa ba wani aro ya yi wa'azi ba?"

"Wallahi ko salati ban taɓa yi a ciki ba."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Kawu. Nan take ya saye hon ɗin.

Ban taɓa ganin sa cikin murna irin ta makon nan ba. A Zahir ba ya iya buɗe kiɗa, ga maƙwabta, ga shi ba igama, wato takardar izinin zama, don haka muka shirya ranar Alhamis in samo mota mu kai kayan wani gidan hutu a bayan gari, ya ji su sau ɗaya yadda ya kamata. Ranar ina ɗaure akwatuna sai ga Malam Hudu, ladanin masallacin layinmu, mutumin da kullum yake kiran kayan Kawu gangunan Shaiɗan. Ya yi sallama yana kallon ƙasa.

"Bala, hon ɗin masallaci ya ƙone. Azahar ta wuce ba wanda ya ji. Aro kawai, kafin a kawo wani."

Kawu yana tsaye, hon ɗin na rungume a ƙirjinsa. Ni na san abin da Malam Hudu bai sani ba: wannan aron ba ya dawowa. Na ce, "Ya khali, mu je mu dawo tukuna, gobe sai a ba su."

"La'asar fa?" ya ce. "Ɗauko tsani."

Shi ya hau ya ɗaura da hannunsa. Da aka kira la'asar ya tsaya a tsakiyar layi, ido a rufe, har aka gama. Ya ce, "Ka ji? Tas, ko ƙura babu." Sannan ya ɗaga murya: "Hudu, ja bakinka baya kaɗan, kana tofa wa ƙarfena yawu!"

Bai sake samun wani ba har ya rasu bara. Na yi masa dariya da yawa, yanzu kuma duk kiran salla sai na ji kewarsa, don hon ɗin yana nan a sama, aka kawo sabo jama'a suka ce a bar na Bala. Allah, ka san don me ya saye shi, ka kuma san inda ya kai shi. Ka rubuta masa ladan kowane kira, ka yafe masa sauran.