Fiyanon da Malam Kunne Ya Ƙi Kashewa

Shekara arba'in da ɗaya muka yi muna maƙwabtaka da mutumin da unguwa take kira Malam Kunne. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin karatuna da shagonsa, saboda haka abin da zan rubuta ba ji-ta-ji-ta ba ne.

Tare muka yi makarantar mishan, yana gabana da aji biyu. A ɗakin waƙa akwai wani ogan, ɗan'uwan fiyano, na katako da ake takawa da ƙafa, kuma shi kaɗai a cikinmu yake iya gaya wa malamar waƙa cewa muryar haƙori na goma sha tara a jerin da ake dannawa ta ɗan sauka, tun ita ba ta ji ba. Daga nan sunan ya bi shi. Ni na zama malamin lissafi. Shi ya koyi gyaran rediyo, daga baya ya koma gyaran fiyanon lantarki, irin wanda makaɗan otal suke ce wa sintesaiza.

Iri biyu ake kawo masa. Akwai na dā, masu katako a gefe, waɗanda wutar lantarki ce da kanta take rera sautin a cikinsu. Waɗannan sai an kunna su an bar su rabin sa'a sun ɗumama kafin muryarsu ta daidaita, kuma ba a samun biyu masu murya ɗaya. Akwai kuma na baya, masu ƙwaƙwalwa, waɗanda ake ɗaukar wani sauti a zuba musu, su riƙa maimaita shi a kan kowane haƙori, mai kauri a hagu, siriri a dama.

Malam Kunne yana da guda daga cikin na bayan nan, mai launin toka, kuma da shi yake wani aiki da ba wanda ya sa shi. Duk lokacin da aka kawo masa tsohon fiyano da ya ga ba zai tashi ba, kafin ya farke shi ya kwashe sassa, sai ya ɗauki muryarsa ya adana a ƙaramin faifai. Ba ya ɗauka ta waya. Makirfo yake ajiyewa gaban lasifika, domin a cewarsa rabin muryar a iskar ɗaki take. Sannan ya yi abin da yake kira ɗaurin wutsiya: ya zaɓi wani ɗan yanki na sautin ya haɗa ƙarshensa da farkonsa, ta yadda in ka danne haƙori sautin zai yi ta zagayawa har sai ka ɗaga yatsa.

In zai yi ɗauka, jan ƙyalle yake ratayawa a ƙofar da ta haɗa shago da cikin gida. Kowa ya yi tsit. Matarsa, mace mai barkwanci da ba ta taɓa yarda an ɗauki hotonta ko muryarta ba, takan leƙo ta katanga ta yi mini raɗa: “Ticha, an rataya tuta. Ko tari ya taso maka, haɗiye shi, ana yi wa akwati jana'iza.” Ita ce kuma take ce masa kunnen gari, kurman gida.

Bayan ta rasu da shekara ɗaya da 'yan watanni, wata Asabar da hantsi, ya ƙwanƙwasa mini katanga da kan sukundireba. Na zagaya. Na tarar da shi zaune gaban fiyanon toka, fuskarsa kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Ya miƙo mini wani faifai. A jikinsa, da rubutunsa mai kyau irin na 'yan mishan, an rubuta: Na otal, mai katako. Akwai datti, kada a yi aiki da shi.

“Shekara goma sha shida yana ajiye, tun da otal ya sallami makaɗansa aka kawo mini fiyanonsu,” in ji shi. “Yau na ce bari in ji dattin nan. Sautin ya shiga ƙwaƙwalwa lafiya, sai injin da ke karanta faifan ya kankare shi. Duba.”

Na ɗaga shi a haske. An yi masa zobe fari, ya gama aiki.

“Danna haƙorin tsakiya, Ticha. Ka riƙe.”

Na danna. Sauti ya fito mai laushi, mai ɗan rawa, irin na tsofaffin nan. A ƙarƙashinsa, daga nesa, kamar daga bayan ƙofa, mace ta ce, “Maigida.” Sautin ya zagayo, ta sake cewa, “Maigida.” Ta sake. Ba gajiya, ba numfashi a tsakani. Na ɗauke yatsana kamar na taɓa garwashi.

Ranar da ya yi ɗaukar, ashe ƙyallen ya faɗi, ta kira shi daga tsakar gida, shi kuwa ya ɗaure wutsiya daidai kan kiran. Kunnensa yana kan daidaiton sautin da wurin ɗaurin. Ya ji wani abu ya gifta, ya rubuta datti.

Na gwada haƙoran hagu. Muryar ta yi kauri, ta ja, kamar ƙato yana nishi daga cikin rijiya. A can dama kuwa yarinya ce 'yar shekara biyar take kiran maigida da sauri da sauri. Ban sake taɓa waɗannan ba. Shi ma na tsakiyan kaɗai yake taɓawa, har fentinsa ya goge.

Ga inda matsalar take. Wannan irin fiyano ba ya riƙe komai in an kashe shi. Wuta na yankewa, ƙwaƙwalwar ta koma fayau. Faifan kuma ya mutu. Muryar matar tana nan ne kawai muddin akwatin yana kunne. Kafin la'asar ya jera batiran mota huɗu a ƙarƙashin teburi, ya haɗa su yadda ko an ɗauke wuta fitilar akwatin ba za ta ƙifta ba. Ya naɗe makunnin da salatif.

Autarsa, wadda take haɗa kiɗan tallace-tallace a wani situdiyo, ta zo da kwamfutarta. “Baba, wannan aikin minti biyar ne. In kwafe maka, ka kashe abin nan ka huta.”

“Bismillah, injiniya.”

Ta kwafa ta waya. Ta kwafa da makirfo. Ta kwafa da wayar hannunta. Ina wurin duk sau ukun. A kowane kwafi sautin fiyanon yana nan, amma inda kiran yake sai ka ji kamar an ja kujera a kan siminti. Ta ce wataƙila lasifikar ce da ɗakin suke haɗuwa su ba da kalmar. Na ce to makirfo ai a ɗakin yake. Ta dube ni, ta naɗe wayoyinta. Ni malamin lissafi ne, ba ni da bayanin wannan, kuma ba zan ƙirƙiro ba.

Shekara uku da wata biyu akwatin yana kunne. Malam Kunne bai ƙara kwana a wani gari ba. Bikin jikarsa ma ya je ya dawo kafin azahar. Kullum da safe, wajen ƙarfe bakwai da kwata, ina shan shayi, nakan ji ta cikin katanga. Sau uku take kira, ya ɗaga yatsa, ya buɗe shago. Da farko nakan ajiye kofin. Daga baya na saba, har in ya makara nakan duba agogo.

Wata Laraba, wajen sha ɗaya na safe, na ji ƙauri. Na same shi ya cire murfin akwatin yana haska ciki da tocila. Ya nuna mini wani ɗan gwangwani mai riƙe wuta, wanda masu gyara suke ce wa kafasita. Ya kumbura, yana tsatsafo da wani ruwa mai launin ƙasa.

“Zai kai yaushe?”

“Yau, ko gobe. In ya fashe zai tafi da allon duka, wuta ta kama katakon teburi. Littattafanka suna bayan katangar nan.”

“Ba a canzawa yana kunne?”

“Ticha, ka taɓa ganin an canza wa mota taya tana tafiya?” Ya yi ɗan murmushi, ya share hannu a riga. “Kira mini Auta.”

Ta iso kafin sha biyu da rabi. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ajiye jakarta ba. Malam Kunne ya kwance salatif ɗin a hankali, ya ɗora yatsa a kan makunnin, ya daɗe, ya janye.

“Hannuna ya ƙi. Kai za ka zare, Ticha. Ni zan riƙe ta.”

Ya danne haƙorin. Maigida. Maigida. Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara, na kama wayar da ta fito daga batiran. Ya gyaɗa kai. Na zare.

Sautin bai tsaya ba. Tsohuwar ɗabi'a ta sa na fara ƙirgen daƙiƙa a zuci. A ta huɗu muryar fiyanon ta fara zamewa ƙasa. A ta shida kiran ya daina zagayawa. Matar ta ce, sarai, kamar tana tsaye bayan Auta: “Maigida, fito ka ga...”

A ta tara ɗakin ya yi shiru. Auta ta juya ta dubi tsakar gida. Babu kowa sai igiyar shanya.

Malam Kunne ne ya fara magana, yatsansa har yanzu a kan haƙorin. Ya ce abin da ke bayan ɗaurin wutsiya ba ya gogewa, yana nan a ƙwaƙwalwa, ba a dai kai wa gare shi. Da wuta ta yi ƙasa, ɗaurin ya kwance. Wannan ya gane. Abin da bai gane ba shi ne, gwangwanin da ya lalace haka ba ya riƙe wuta fiye da daƙiƙa biyu.

“Tara na ƙirga,” na ce.

“Na san ba ka kuskuren ƙirge.” Ya juya wajen 'yarsa. “Auta, lokacin kina gida. Me take so in gani?”

“Baba, ina zan tuna? Shekara nawa!”

“Ticha, kai fa? Katanga ɗaya ce.”

Na yi iya tunanina. Ban tuna ba.

Ya ɗaga yatsansa. Ya jawo ƙarfen dalma ya sa a wuta, ya canza gwangwanin cikin minti ashirin, aiki mai tsabta kamar kullum. Da ya kunna, fitila ta kama, akwatin yana jiran a sa masa faifai. Ya kashe shi, ya rufe da zane.

Ya ƙara shekara biyu yana gyara wa mutane kaya. Duk tsohon da ya shigo shagon, wanda ya san gidan a wancan zamani, sai ya tambaye shi ko ya tuna wani abin kallo da ya faru a layinmu wata rana da rana tsaka, shekarar da otal ya sallami makaɗansa. Wani ya ce wataƙila bakan gizo ne, wani ya ce mota ce ta faɗa kwata. Yakan saurara da kyau, ya yi godiya, ya ce a'a, da wannan ne da ba ta kira shi ba.