Motar da Na Kwantar Ta Kasa Kai Ni Ƙofar Inna

Sallar asuba kawai muka yi muka bar Yamai, ni da wani abokina, a motar da na yi shekara huɗu ina tara kuɗinta. Ban daɗe da kai ta gareji ba aka cire mata sifirin na asali aka sa gajeru, ta kwanta har tana shinshinar kwalta. A gari kowa sai ya waiga, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura.

Ba yawo ya fitar da ni ba. Alkawari na yi wa Inna, mahaifiyata, cewa ranar da na yi mota zan ɗauke ta daga ƙauyenmu na bayan Badaguishiri in kai ta Tsarnawa wajen ƙanwarta. Shekara bakwai rabonsu da juna. Inna ciwon ƙugu ya hana ta hawa babur, ƙanwar kuma idanunta sun tafi.

Tun daga Doso motar ta fara nuna hali. Duk tudun rage gudu sai na karkace na hau shi a hankali, masu tallan ƙwai suna yi mini dariya. Dab da Konni 'yan duwan, wato kwastan, suka tsayar da mu. A ƙasar nan motar da ta kwanta haka kaya ta sha, ko jarkokin fetur daga iyaka. Ɗayansu ya buɗe but, ya tarar da sabulu da turmin atamfa biyu.

"To mi ya danne ta?"

Na ce ado ne. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce Allah shi kyauta.

A Konni muka ci tsire na jika ɗaya, mai ƙuli da yaji sosai, muka bi da fura. Da muka zo mararrabar Tsarnawa ban tsaya ba, na ce sai na zo da Inna. Daga nan ƙanshin gida ya fara: jan dutse, garaken albasa, rumbunan ƙasa. Kewa ta kama ni har na kashe rediyo.

Muna barin kwalta aka fara. Dutse ya daki ƙasan motar sau uku, a bakin ƙorama kuwa ta zauna daram a kan yashi. Amalanken shanu ne ya kai mu gida da kayanmu.

Na tarar da Inna ta yi wanka, ta ɗaura zanen fita, ga ƙullin kuka da daddawa a gefenta. Tun safe take zaune a haka. Muka gwada kai ta wajen motar a amalanke da katifa, ba mu wuce rijiya ba zufa ta karyo mata, muka juyo. Washegari na nemo wani bakanike a Badaguishiri. Ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce su nan ɗaga mota suka sani, in kawo tsofaffin sifirin ya mayar. Suna Yamai, hutuna kuma kwana uku ne.

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta miƙo mini ƙullin.

"Ka kai mata. Ka duba min ita da kyau."

Da shanu aka janyo motar zuwa kwalta, muka kama hanya. A Tsarnawa wata dattijuwar unguwa ta riƙo hannun ƙanwar Inna har bakin mota. Ta lalubi ƙofar baya, ta sa kai ciki.

"Yaya? Kin iso?"

Ni na amsa mata. Ta shafa kujerar, sannan ta ce in shigo in sha ruwa.

Mun koma Yamai bayan la'asar. Na gane cewa na gyara motar ne don idon mutanen da ban ma san sunansu ba, na manta hanyar gidanmu. Ina ajiye jaka Inna ta sa aka kira ni a waya.

"Ta rame?"

Na ce a'a, tana nan da jikinta. Ƙarya na yi mata.